Tsohuwar bindigar Ingila ko Baikal: wacce zan saya don harbin fakara da zabi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Na daɗe ina harbin fakara da zabin daji da bindiga mai baki ɗaya, yanzu ina so in koma mai baki biyu. An yi mini tayin guda biyu. Ɗaya tsohuwa ce ƙirar Birmingham, mara nauyi, da zane a jikinta, an ce tun zamanin Turawa take gidan masu ita. Ɗayar Baikal ce ta Rasha, ga nauyi, ba ta da kyan gani. Raina ya fi kwanta wa ta Ingilar. Sai dai bara bindigar wani maharbi a ƙauyenmu ta fashe ta tafi masa da yatsu biyu, tun daga nan nake ɗar-ɗar. Mai sayarwar ya rantse mini duk wani harsashi mai lamba 12 tana ci, har ya sa ɗaya a gabana ya rufe. Ya ce in ina shakka mu ɗaure ta a bishiya mu ja kunama da igiya. Wacce zan ɗauka?

Mai karatu daga jihar Bauchi

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsoron nan naka a kan hanya yake, kada kowa ya raba ka da shi. In dai tsakanin waɗannan biyun ne, kuma Baikal ɗin ba ta da tsatsa a ciki, ba ta girgiɗi, ita za ka ɗauka. Na san ba haka ka so ji ba.

Ban raina ƙirar Ingila ba. Tsarin kunamar da Anson da Deeley suka fito da shi a kamfanin Westley Richards na Birmingham a 1875, shi ake kwaikwaya har gobe, daga Eibar ta Sifen har Turkiyya. Ta kirkinsu ba ta wuce kilo uku da 'yan kai ba, kuma wanda ya wuni yana ratsa karan dawa bayan kaka ya san darajar wannan. Fakara kan tashi a ƙarƙashin ƙafarka ba sallama, bindigar da ta zo kafaɗa da wuri ita ce mai nama. Baikal ta fi ta nauyi, aikin katakonta kuma ba kyau. Amma masu ƙera ta a Izhevsk ba su yi rowar ƙarfe ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da mai sayarwar ya yi a gabanka. Kullum sai na ji wannan magana: ai ya shiga, ai ta rufu. Shigar harsashi ba ta nuna komai. Lamba 12 faɗin bututu ce kawai, ba ta gaya maka tsawon mazaunin harsashi ba. Galibin tsofaffin bindigogin Ingila na harbin tsuntsu an yi musu mazauni mai inci biyu da rabi, wato milimita 65. Harsasan da suka cika wurinmu kuwa masu 70 ne, har da masu 76. Tsawon da ke rubuce a jikin kwali na kwanson da ya riga ya tashi ne, bayan bakinsa ya buɗe. Mai 70 da ba a harba ba, bakinsa a naɗe, bai fi milimita 60 ba. Yaya za a yi ya ƙi shiga mazauni mai 65? Sai ka ja kunama ne bakin kwanson zai nemi wurin buɗewa ya rasa, ya buɗe a inda bututu ya fara tsukewa, dalma ta kutsa ta ƙuntatacciyar hanya, matsi ya ƙaru.

Wani zai ce ai shi shekara da shekaru yana yin haka bai ga komai ba. Gaskiya ne, ba kowane harbi ke fasa bindiga ba, kuma abin da ke yaudarar mutane ke nan. Ƙarin matsin shi kaɗai mai yiwuwa ne lafiyayyen bututu ya shanye shi. Amma harsashi mai 70 yakan zo da dalma mai yawa, giram 32 ko fiye, alhali an yi tsohuwar ne don giram 28 zuwa 30. Ka haɗa wannan da bututun da ya ga damina sittin ko tamanin, tsatsa ta yi masa ramuka, wani gwani kuma ya goge cikinsa don ya yi ƙyalli a idon mai saye. Kowace guga ƙarfe take ci. Masu sana'ar a Ingila ba sa son kaurin bangon bututu ya gaza rabin milimita a inda ya fi siranta. To, ka riƙe bindiga kamar za ka yi harbi, ka dubi inda hannunka na hagu ya kama: nan ne ƙarfe ya fara siranta alhali matsi bai gama sauka ba. Ka tambayi maharbin ƙauyenku ko yatsun wane hannu ne suka tafi.

Maganar ɗaure ta a bishiya kuwa, wallahi ta ishe ni. Harbi ɗaya da igiya ya nuna maka ba ta fashe a wannan harbin ba, shi ke nan. Kamar tulu ne mai tsaga, yau ya kawo ruwa gida, ba wanda ya san gobe. Wataƙila ma harbin gwajin ne zai buɗe tsagar da za ta ƙarasa a hannunka. Gidan gwajin bindigogi na Birmingham, wanda aka kafa a 1813, yakan harba harsashin da ya fi na farauta ƙarfi nesa ba kusa ba, sannan a auna bututu a duba shi kafin a buga hatimi. A dokarsu laifi ne ka sayar da bindigar da aka goge har ta fita daga ma'aunin hatiminta. A nan kuwa wa zai tambaye ka?

Ka cire katakon gaba, ka zare bututun, ka juya shi. A shimfiɗaɗɗen wurin da ke ƙarƙashin mazaunin harsashi za ka ga tambura. Ka nemi NP ko BNP ko kalmar NITRO, su ne shaidar an gwada ta da albarushin zamani mara hayaƙi. Ka nemi 2½ ko 65, 2¾ ko 70. In babu NP, babu BNP, babu NITRO sam, ta baƙin albarushi ce. In kuma ka ga jikin bututun da zane a murɗe kamar igiya, ƙarfen Damaskas ne, sirara-siraran ƙarafa aka naɗe aka haɗa da wuta, tsatsa kan ɓuya a mahaɗarsu inda ido ba ya kaiwa. Irin wannan a rataye ta a bango a tuna da kakanni. In ka ga 65, to ka tambayi kanka inda za ka riƙa samun harsashi mai 65 a Bauchi, tun kafin ka ba da ko sisi.

Tunda bututun na hannunka, ka rataye shi a yatsa ta ƙugiyarsa ka ƙwanƙwasa da fensir. Lafiyayye zai yi ƙara kamar ƙararrawa, in ya yi dum, haɗin bututun biyu ya fara saki. Ka mayar da shi ba tare da katakon gaba ba, ka rufe, ka riƙe gindin ka girgiza. Motsi ko ɗan haske tsakanin bututu da jiki na nufin ta gaji. Baikal ɗin ma ka yi mata duk wannan, don ba waliyyiya ba ce.

Kuma don Allah kada a ce maka akwai maƙerin da zai gyara. Ina girmama maƙera, amma wanda ya iya adaka ba lalle ya san wannan ba. Bututun tsohuwar bindiga da narkakkiyar dalma da kuza aka manne su, wutar walda na taɓa su haɗin ya narke. Mai girgiɗi kuma sai su bubbuga ƙugiyar da guduma ta yi tsam na kwana biyu, daidai lokacin da za a karɓi kuɗinka. Mafi muni shi ne mai cewa zai ƙara wa mazaunin tsawo ya koma 70. Ƙarfe zai yanke a daidai inda matsi ya fi yawa, ba ma'auni, ba gwaji, sannan ya miƙo maka ya ce Allah ya tsare.

Sauran zaɓin ba shi da wuya. Bututu inci 28 ya isa. Kunama biyu ta fi mini ɗaya a daji: ta gaba na tayar da bakin dama mai buɗaɗɗen baki don fakarar da ta tashi kusa, ta baya na tayar da na hagu mai matsattsen baki don zabon da ya ba da tazara. Wajen girman ƙwayar dalma, lamba 6 ga fakara, lamba 4 ko 5 ga zabo mai kaurin gashi. Masu ɗura wa tsuntsu manyan ƙwayoyi na harbin gada ɓarnar nama suke yi. Ka guji harsashi mai ƙwayoyin baƙin ƙarfe a tsohuwar bindiga mai matsattsen baki, yana kumbura bututu. In Allah ya haɗa ka da bindigar kamfanin AYA na Sifen mai mazauni 70 a farashin da za ka iya, ka samu rashin nauyin da kake so ba tare da fargaba ba.

Sai takarda. A dokar makamai ta 1959, mai baki biyu na cikin waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi, kuma lasisin da lambar bindiga yake tafiya, na tsohuwar bindigarka ba zai rufe sabuwa ba. A 2023 rundunar ta sanar da dakatar da ba da sababbi. Abin haushi ne a ce manomi mai neman fakara biyu na miya shi ke jiran sa hannu, masu manyan makamai a daji ba su taɓa cike fom ba. Duk da haka ka fara zuwa ofishin kula da makamai na hedikwatar 'yan sandan jiharku ka ji halin da ake ciki, ka kuma nemi ganin takardar mai sayarwar, ka gwada lambar da ke jikinta da wadda ke jikin bindigar, tun kafin a fara ciniki.