Maigidana ɗan kwana-kwana ne, an ce aljanu suka shafe shi

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ɗan kwana-kwana ne, yana cikin waɗanda suka kwashi gawawwaki a unguwar Circle da ke birnin Accra na Ghana, daren 3 ga Yunin 2015. Tun daga ranar bai koma daidai ba. Da hadari ya haɗo sai ya kulle kansa a ɗaki, ranar Layya kuwa barin unguwa yake saboda ƙaurin babbaka. Cikin dare yakan zabura sharkaf da gumi. Yanzu surukata ta dage a kai shi wurin wani malami a yi masa hayaƙi. Wallahi tsoro nake ji. Daga wata baiwar Allah, unguwar Nima, Accra.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya saka miki da alheri, 'yar'uwa. Daren da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai, mutum sama da 150 suka rasu, shi kuma da hannunsa ya ɗauke su. Abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon da muke kira PTSD, wato firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali: ƙwaƙwalwa ta riƙe ƙamshi da ƙarar wannan dare, da ta sake jin su sai jiki ya ɗauka abin yanzu yake faruwa. Sai an duba shi za a tabbatar.

Don Allah kada a kai shi hayaƙin nan. Ki duba fa, mutumin da ƙaurin kan rago ke kora daga unguwa, shi za a lulluɓe da bargo a tura masa garwashi da barkono! Dole ya yi ihu, dole ya yi fizge-fizge, mai yiwuwa ma ya kai duka. Nan take sai malamin ya ce kun gani, ga aljanin nan ya bayyana, a ƙaro kuɗi, a ƙaro bulala. Alhali bawan Allah Circle aka mayar da shi. Na gaji da ganin irinsu. An taɓa kawo mini wani tsohon soja da ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya, sawun sarƙa rangaɗau a idon sawunsa, wata uku yana ɗaure, 'yan'uwa sun sayar da fili sun biya. Ya shigo ko ido ba ya iya haɗawa da mutum. Tun 2012 Ghana take da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai lamba 846, wadda ta hana azabtar da majinyaci, amma har gobe ana yi a bayan gidaje.

Ban hana addu'a ba, ni ma ina yi. A tofa masa Falaƙi da Nasi, ya riƙa azkar, ya zauna da limamin da zai saurare shi ba tare da ce masa imaninsa ne ya yi rauni ba. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, wa ya isa ya ce ba shi da tawakkali?

Magani yana nan. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Accra, akwai na Pantang, babban asibitin Korle Bu ma yana da sashen. Jigon maganin zama ne da ƙwararre, sau 8 zuwa 16, ana bin abin da ya faru sannu a hankali. In an haɗa da ƙwaya, takan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinta, kada ya yar da ita a mako na biyu. Ki hana shi sayen baliyam ko tiramol a kemis don neman barci, kama jiki suke yi, mutum ya kasa bari.

Surukarki kuma ƙaunar ɗanta ce ta kai ta, kada ki yi fito-na-fito da ita. Ki nemi kawunsa ko wani dattijo ya yi mata magana, ranar zuwa asibiti a tafi da ita.

Idan kika taɓa jin ya ce da ma ya mutu ya huta, kada ki bar shi shi kaɗai, ki kira 112 ko ku tafi asibiti a ranar. Majalisar dokokin Ghana ta soke hukunta mai yunƙurin kashe kansa a 2023, babu wanda zai kama shi.