Amsa kan ƙarar da maƙwabciya ta kai Hajiya

'Yar'uwa, na karanta tambayarki. Hajiya na zaune a rukunin gidajen tsofaffi a nan Ingila, maƙwabciyarta ta kai ƙara sau biyu kan warin daddawa da karatun asuba, manaja kuma ya aiko da takardar gargaɗi bai ji ta bakinku ba. Shekara shida ke nan ina aiki a irin wannan wuri.

Kafin a kai ga ofis, ki shiga ɗakin Hajiya da asuba ki saurara da kunnenki. Mun taɓa samun wani dattijo da aka yi wata uku ana kai ƙararsa, ashe rediyonsa na jingine da bangon da gadon maƙwabciyarsa yake. Bangayen nan kamar kwali suke. Muka mayar da rediyon ɗaya gefen, muka shimfiɗa kafet, magana ta mutu. Ita matar ma, da na zauna shan shayi da ita, sai na gane rabonta da baƙo tun Kirsimeti. Yawancin masu yawan ƙorafi haka suke. Ki ƙwanƙwasa wa maƙwabciyar Hajiya ƙofa ku gaisa, in ana girki kuma a kunna fankar kicin a rufe ƙofar baranda.

Amma takardar gargaɗin nan kada ki bar ta haka. Mu mun saba da "a yi haƙuri" a baki, su kuwa abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Ki tura wa manaja imel, ki faɗa ƙarara cewa ƙorafi ne a hukumance, ki sa kwanan wata da abin da kike so: a janye gargaɗin, a zauna da ɓangarorin biyu. Hajiya ta sa hannu cewa ke ce wakiliyarta, in ba haka ba za su ce ba su da hurumin magana da ke.

Idan gidan na ƙaramar hukuma ne ko na ƙungiyar gidajen haya, ƙa'idar Housing Ombudsman, wato ofishin da ke sauraron ƙorafin masu haya a irin waɗannan gidaje, ta zama doka a kansu tun Afrilun 2024: su tabbatar sun karɓa cikin kwanakin aiki 5, su amsa cikin 10 bayan haka, in ba ki gamsu ba kika ɗaukaka ƙorafin zuwa mataki na biyu kuma, su amsa cikin 20. Sai kin gama matakan nan biyu kafin ki kai wa Ombudsman ɗin. Kada ki ɓata lokaci a wajen CQC, hukumar da ke sa ido kan asibitoci da gidajen kula da tsofaffi, ba ta binciken ƙorafin mutum ɗaya, kuma rigimar maƙwabta ba aikinta ba ne.

Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambancin addini ko launin fata, amma kada ki fara da ita. Da manaja ya ji kalmar sai ya ja baya ya miƙa wa lauyoyi. Ki adana ta, sai in kin ga ana ƙyale mai soya kifi ana takura wa mai miyar kuka.

Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ki gaishe min da ita.