Wace manhaja zan saka wa injin yankan sitika?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata huɗu ke nan da na sayi injin yankan sitika na hannu, na fara aikin rubutun allunan talla da na jikin motoci. Manhajar da aka haɗo ni da ita a faifai ta ƙi hawa sabuwar kwamfutata, don haka da tsohuwar nake lallaɓawa. Ga shi kusurwoyin haruffa suna fitowa a lanƙwashe kamar an goge su, wani lokacin kuma injin ya tsaya cak a tsakiyar aiki, sitikar ta lalace. Wani mai gyaran kwamfuta ya ce laifin manhajar ne, zai saka mini babbar da manyan kamfanoni ke aiki da ita, wadda aka fasa makullinta, ba sai na biya lasisi ba. Na karɓi aikin rubutun motoci shida, na ci kafin alƙalami, saura kwana goma. Hankalina a tashe yake. Wacce zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, kwana goma sun ishe ka, muddin ba ka miƙa wa mutumin nan kwamfutarka ba. Matsaloli biyun da ka lissafa babu wadda sauya manhaja zai warkar.

Wuƙar injinka jan ta ake yi, tsininta yana ɗan baya da tsakiyar maƙalinta, kamar tayar kujerar ofis. Wannan 'yar tazarar dole a faɗa wa inji ko manhaja, don ya san yadda zai juya wuƙar idan an zo kwana. Ga wuƙa mai digiri 45 galibi milimita 0.25 ce, mai digiri 60 takan fi haka, kuma sau da yawa a rubuce take a jikin kwalin wuƙar. Kusurwa a lanƙwashe na nufin lambar ta yi ƙasa, ko ma sifili ce. In ka ga ƙahonni sun fito a kusurwa, ta yi yawa. Ka kula kada ka saka ta wuri biyu, a jikin inji da cikin manhaja, sai ta ninka. Tsayawa cak kuwa, ka fara da kebul: sa gajere mai kyau, ka hana kwamfuta kashe wutar USB don tattali, ka duba saitin tashar COM, wato hanyar da kwamfuta ke tura wa injin saƙo, saurin da aka fi amfani da shi a ƙananan injuna 9600 ne. Sitika tana tara lantarki idan ana warware naɗinta, wannan lantarkin kan rikita inji a dogon aiki, saboda haka a ɗaura waya daga ƙarfen teburin zuwa jikin injin, a kuma tabbatar soket ɗin yana da wayar ƙasa.

Zaɓin manhaja kuma, inji ne ke zaɓa, ba kai ba. Kowane inji yana da yaren da yake ji. Mafi yaɗuwa shi ne HPGL, wanda kamfanin Hewlett-Packard ya fito da shi tun 1977 don injunan zane da alƙalami, sai DMPL, sai GP-GL na Graphtec da CAMM-GL na Roland. Ka duba sunan injinka da lambarsa a bayansa, ka je shafin masu manhajar ka nemo shi a jerin injunan da suke tallafawa. In babu shi, komai kyan manhajar ka wuce. In injinka na manyan kamfanoni ne, aikin ya zo da sauƙi, domin Graphtec suna da Cutting Master, Mimaki suna da FineCut, dukansu suna maƙalewa a cikin CorelDRAW ko Illustrator, ka zana a inda ka saba, ka tura yanka daga nan. Roland kuma suna da CutStudio. In kuwa irin ƙananan injunan nan ne marasa fitaccen suna, abin da nake ganin ya fi maka shi ne ɗaya daga cikin SignCut, VinylMaster da Sure Cuts A Lot. SignCut na haya ne, ana biya lokaci-lokaci. VinylMaster hawa-hawa ne, a kan Windows yake aiki, kuma ƙananan hawansa sun ishi mai rubutun alluna. Sure Cuts A Lot yana hawa Windows da Mac. Wanda aljihunsa bai da nauyi kuma yana da haƙurin saiti, Inkscape kyauta ce ta halal, tana fitar da HPGL. Su Flexi da SignLab an gina su ne don shagon da ke da babban injin buga hoto mai launi sannan ya yanka gefensa. Kai da ke yanka haruffa, ko kashi ɗaya cikin goma na abin da ke ciki ba za ka taɓa ba.

Abin da za ka gwada a manhajar gwaji kaɗan ne. Tana narkar da haruffan da suka hau juna su zama jiki ɗaya? Tana zana layukan da ke sauƙaƙa tsince tarkace, wato ɓare ragowar sitikar da ke kewaye da haruffa bayan yanka? Tana raba dogon rubutu gida-gida idan ya fi faɗin inji? Tana ware launuka kowanne da nasa yanka? Sannan ka yanka murabba'i mai santimita 50 ka ɗora masa ma'auni. HPGL yana lissafi ne da taku 40 a kowace milimita, wato 1016 a inci ɗaya. In direban da ka zaɓa, wato saitin da ke fassara wa injin umarnin manhaja, yana lissafi da 1000, kowace mita za ta kauce da kusan milimita 16, kuma ba za ka gane ba sai ka je jikin ƙofar mota rubutu ya ƙi zama inda aka auna masa.

Yanzu mu dawo kan mai gyaran kwamfutar nan, domin maganarsa ce ta fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarka. Kusan kullum sai na ji ta. Wai fasasshiyar manhaja da ta lasisi duk ɗaya ne, bambancin kawai wani ya biya wani ya yi wayo. Wallahi na gaji da wannan magana. Ka tsaya ka kalli abin da zai yi idan ya zauna gaban kwamfutarka. Abu na farko, zai kashe rigakafin bairos, ya ce maka ai ƙarya yake yi, ba ya son kayan kyauta ne. Na biyu, zai danna wani ɗan fayil da shi kansa bai san wanda ya rubuta shi ba, ya ba shi cikakken izinin shugaban kwamfuta. Na uku, zai gargaɗe ka kada ka kuskura ka sabunta komai, wani ma ya mayar da kwanan watan kwamfutar baya. Ya karɓi ladansa ya tafi. To me ya bar maka? Kwamfutar da ke ɗauke da tambarin kwastomominka, da lambobinsu, da imel ɗinka, wataƙila har da shiga asusun bankinka, an cire mata mai gadi, an kuma ba baƙo makullin kowane ɗaki. Wanda ya ɓata makonni yana fasa makullin manhaja ya watsa ta a intanet, kana zaton don ƙaunarka ya yi? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na ga ƙarshen wannan da idona. Wani abokin sana'a ya kira ni da sassafe muryarsa na rawa, wai fayilolinsa sun ƙi buɗewa. Na je na tarar kowane fayil an liƙa masa wani baƙon suna a wutsiya, a kowace jaka kuma ga 'yar takarda da ke cewa ya biya kuɗi kafin a buɗe masa. Aikin shekara uku ne a ciki, tambarin makarantu, na shaguna, ma'aunin motocin da ya taɓa yi wa rubutu. Filashin da yake ajiyar kwafi ma a soke yake a jikin kwamfutar, an haɗa da shi. Mun zauna muna bin tsofaffin hotunan wayarsa muna sake zana tambari ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya saka masa manhajar da aka kira shi cewa ya yi, ai ƙaddara ce.

Ko da ka tsira daga wannan, tsugune ba ta ƙare ba. Fasasshiyar manhaja tsohuwa ce, a daskare take a shekarar da aka fasa ta. Ba ta san injin da aka ƙera bayanta ba, don haka sai a zaɓa maka direban wani inji mai kama da naka, a ce ai zai yi. Daga nan ake samun kaucewar ma'aunin da na faɗa maka, da wuƙa ta ja layi ta tsakiyar harafi ba gaira ba dalili. Da yawansu kuma ba sa tashi sai a tsohuwar Windows, shi ya sa za ka tarar da mutum maƙale da Windows 7, wadda Microsoft ta daina yi wa facin tsaro tun Janairun 2020, kuma da ita yake hawa intanet yana karɓar fayilolin kwastoma. Ran da ta tsaya maka da tsakar dare, aiki na jiranka da safe, wa za ka kira? Mai lasisi yana tura saƙo ga masu manhajar su duba masa. Kai kuwa ko bakin tambaya ba ka da shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, masu wannan sana'a su ne suka fi kowa sanin zafin a sace maka aiki. Ka kwana kana tsara wa kwastoma zane, ya ɗauki hotonsa a waya ya kai wa na gaba ya yanka masa da rangwame, ka yini kana cewa Allah ya isa. To manhajar nan ma mutane ne suka zauna suka rubuta ta, da ita suke ciyar da iyalansu. Ba ka rasa mafita ba balle ka ce lalura ce, tunda ga ta kyauta da masu ita suka yafe, ga ta haya da za ka ɗauka na ɗan lokaci ka fitar da kuɗinta a cikin aiki guda. Ka lissafa sitikar da ka riga ka zubar a kwandon shara cikin wata huɗun nan, ka kwatanta da kuɗin ƙaramin lasisi, ni ba sai na faɗa maka amsar ba.

Game da motocinka shida, ba a fafe gora ranar tafiya. Tunda tsohuwar kwamfutar tana magana da injin, a kanta za ka gama wannan aikin. Yau ka gyara tazarar wuƙa, ka duba tsawon da ta leƙo, kada ya wuce kaurin sitikar, ka yi yankan gwaji har sai ɗan murabba'in ya ɓallo da kusurwa tsaf, takardar ƙasa kuma ta nuna alamar wuƙa kawai ba ta huje ba. Ka sauya kebul, ka ɗaura wayar ƙasa. Dogon rubutu ka raba shi guntu-guntu, kowanne kada ya wuce mita ɗaya, in inji ya tsaya asarar ta zo da sauƙi, kuma ka warware naɗin da hannu kafin ka tura yanka, kada injin ya riƙa jan nauyinsa. Da dare, in ka tashi daga aiki, sai ka sauke manhajar gwaji a sabuwar kwamfutar daga shafin masu ita, ka yi gwajin murabba'in santimita 50. Wasu na gwajin sukan ja layi a kan abin da aka yanka ko su taƙaita kwanaki, wannan ba matsala ba ce, ma'auni da kusurwa kake son gani. Ka turo mini sunan injin da lambar da ke bayansa, da hoton ɗan murabba'in da ka yanka, in ga ko wuƙar ma ba ta dakushe ba.