Hukuncin ƙetara iyaka da baburin da ba a gama biyan kuɗinsa ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni tela ne a Gombe, ina zaune a Bolari. Yayana da ke Garwa ta ƙasar Kamaru ya buɗe shago ya ce in koma can mu riƙa aiki tare, kuma na yanke shawarar ƙaura da iyalina bayan ƙaramar salla. Ina da babur Boxer na hannu da nake son tafiya da shi. Wani dillali da ya san hanya ya ce kuɗin duwan, wato kwastan, a can da tsada, gara in shiga da shi a matsayin mai ziyara, daga baya shi zai samo mini takardun da za su nuna a can aka saye shi. Ya ce ba a ma buƙatar takardun asali, abin da ya yi mini daɗi ke nan, tunda suna hannun Alhajin da ya sayar mini, sai na cika masa ragowar kuɗin wata 5 zai ba ni. Na kuma ji wani malami a waya yana cewa kuɗin kwastan maksu ne, wato harajin zalunci, haramun ne, duk dabarar da mutum ya yi ya kauce masa babu laifi. Shin ya halatta in bi shawarar dillalin?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a sana'arka, ya sa ƙaurar ta zama alheri.

Komawa Garwa neman halal babu abin cewa a kai, gari ne na Musulmi, za ka ji kiran salla kamar yadda kake ji a Bolari. Tafiya da abin hawanka wata ƙasa shi ma halal ne a asalinsa. Abin da ya tsayar da ni wata magana ce da ka jefo a tsakiyar tambayarka kamar ba komai ba: takardu suna hannun Alhaji, kuma da sauran kuɗinsa a kanka. Ɗana, ka tambaye ni duwan, amma akwai wanda ya riga duwan samun haƙƙi a kan baburin nan, kuma yana nan cikin Gombe. Ban ga inda ka ce ka sanar da shi za ka tashi ba. Na ga dai inda ka ce ka ji daɗi da ba a buƙatar takardun da ke hannunsa. Ka sake karanta wannan jimla taka kai kaɗai.

Ban san yadda kuka ƙulla cinikin ba, don haka ga fuskokin biyu. Idan yarjejeniyarku irin ta masu ba da babur ga 'yan acaɓa ce, wato babur na Alhaji ne har ranar da ka cika kuɗi, to amana ce a hannunka, kuma fita da ita ƙasar waje ba da izninsa ba ta'addi ne. In ya ɓace ko aka kama shi, kai za ka biya ko da ba sakacinka ba ne. Idan kuwa sayarwa ce yankakkiya a kan bashi, babur naka ne, amma wuyanka ba a sake yake ba. Shehu Halil ya faɗa a Mukhtasar, a babin wanda bashi ya ci ƙarfinsa, cewa mai bin bashi yana da ikon hana wanda yake bi yin tafiya idan lokacin biya zai zo alhali ba ya gari. Masu sharhi suka ce sai fa in ya bar wakilin da zai biya, ko wani mai hali ya tsaya masa. Kai kuwa ba tafiyar kasuwa za ka yi ka dawo ba, ƙaura ce, duk watannin 5 ɗin nan za su same ka a wata ƙasa. Alhaji bai riƙe takardun nan don yana sha'awarsu ba, ya riƙe su ne don kada babur ya yi nisa da shi. Ranar da dillali ya buga maka wasu, ka mayar da na hannunsa takardar ƙunshe ƙosai.

Na san za ka ce ai niyyarka ka riƙa aiko masa. Na yarda da kai. Amma shekarar farko ta mai ƙaura ba ta da tabbas: kuɗin haya, sabon gari, masu kawo ɗinki ba su san ka ba tukuna, ga canjin sefa zuwa naira. Kyakkyawar niyyarka ba ta ba ka damar yanke hukunci a kan dukiyar wani ba ya nan. Ka je ka same shi ka faɗa masa gaskiya. Ko ka cika masa ka karɓi takardunka, ko wani ɗan'uwanka da ya yarda da shi ya tsaya maka, ko shi da kansa ya yarje maka, a rubuta, a sa shaidu biyu. In duk bai yiwu ba, a sayar da babur da saninsa, ya ɗauki nasa ka ɗauki naka. Kafin ɗaya daga cikin waɗannan ya tabbata, bai halatta baburin nan ya bar ƙasar ba, ko da duwan kyauta ne.

Shawarar dillali kuwa ƙarya biyu ce a jere: ka ce ziyara ka zo alhali zama ka zo, sannan a ƙirƙiri takardar da ke shaida cinikin da ba a yi ba. Haramcin wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ke buƙatar bayani shi ne fatawar da ka ji a waya, domin ita ce ta kwantar maka da hankali, kuma ba kai kaɗai ta ruɗa ba.

Masu wannan magana ba daga sama suka tsinto ta ba, kuma ban yarda a raina su ba. Maksu babban zunubi ne. A Sahihu Muslim, a ƙissar matar nan Bagamidiya, Annabi (SAW) ya ce ta yi tuban da ko mai karɓar maksu ya yi irinsa da an gafarta masa, wanda ke nuna girman laifin. Ibnu Hazm ya kawo ittifaƙin malamai cewa abin da ake tare hanyoyi da ƙofofin gari da kasuwanni ana karɓa daga matafiya da fatake zalunci ne babba. A nan gida ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya zargi sarakunan Hausa da su. Akwai kuma malaman wannan zamani masu daraja da suka sa kuɗin kwastan cikin maksu. Duk wannan na sani.

Amma fatawar da ka ji hawa biyu gare ta, kuma an haɗe maka su kamar abu guda. Hawa na farko: duk kuɗin da hukuma ta karɓa a bakin iyaka maksu ne. Wannan ba a yi ittifaƙi a kai ba. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar yana karɓar rabin ushiri daga fataken Nabaɗawa a kan alkama da mai, don a yawaita kawo su Madina, yana kuma karɓar ushiri cikakke a kan dangin wake. Za a ce ai waɗannan ba Musulmi ba ne, abin da ake karɓa a hannun Musulmi zakka ce. Haka ne. Amma ya nuna cewa tsayar da mai kaya a ƙofa a karɓi wani kaso, a ɗaga wa wani kaya a sassauta wa wani don maslahar gari, ba shi ne zaluncin ba a kan kansa. Game da Musulmi kuwa, Juwaini da Gazali da Shaɗibi, wanda namu ne Bamalike, sun halatta wa shugaba ya ɗora wa jama'a wani abu bayan zakka idan baitulmali ya gaza kuma buƙata ta tabbata, da sharaɗin adalci da kashewa a inda ya dace. Lokacin da Tatar suka doso Masar, gabanin yaƙin Ainu Jalut na shekarar 1260, Izzu bin Abdissalam ya yarje wa Sarki Ƙuɗuz ya karɓa daga talakawa, amma sai bayan sarakunan yaƙi sun fito da nasu kayan ƙawa an sayar. To mas'ala ce mai sharuɗɗa, ba ta jimla ɗaya ba ce.

Mai ja zai ce sharuɗɗan nan ba su cika ba a gwamnatocin yau. Ni ba lauyan kowace gwamnati ba ne, kuma wanda ya karɓi kuɗin jama'a ya cinye zai yi bayani gaban Allah. Mu ma ɗauka an sallama masa, kuɗin duwan maksu ne tsantsa. Me ya biyo baya? Zunubi yana kan mai karɓa, wanda aka karɓa a hannunsa an zalunce shi, yana da lada in ya yi haƙuri. Iyakar abin da nassoshin suka bayar ke nan. Hawa na biyu, wato tunda haramun ne a karɓa to ya halatta ka sa hannu a kan ƙarya ka buga takardar jabu, babu shi a hadisin Bagamidiya, babu shi a maganar Ibnu Hazm, babu shi a littafin Shehu. Inda malamai suka yi rangwame shi ne mutumin da azzalumi ya ritsa shi, ba shi da mafita, ya ɓoye dukiyarsa ko ya yi tauriyya, wato magana mai harshen damo wadda ba ƙarya ba ce kai tsaye. Kai wa ya ritsa ka? Da ƙafarka za ka je, ka miƙa takardar shaidarka, ka nemi a bar ka ka zauna a ƙasarsu bisa dokarsu. Wannan alkawari ne. Kuma kana da mafita a fili, ka sayar da babur a Gombe ka tafi hannu sake. Inda akwai mafita babu lalura.

Ka dubi Huzaifa bin Yaman da mahaifinsa. Ƙuraishawa sun kama su a hanya gab da Badar, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi (SAW) ba. Da suka iso suka ba shi labari, a ranar da Musulmi 300 da 'yan kai ne kawai kuma ana buƙatar kowane takobi, sai ya ce su koma, za a cika wa Ƙuraishawa alkawarinsu a nemi taimakon Allah a kansu. Muslim ne ya ruwaito. Alkawari ne da aka karɓa da ƙarfi, kuma abokan gaba ne suka karɓa, amma aka cika. Wannan kuma ya amsa masu cewa gwamnatin can ba ta Musulunci ba ce don haka dukiyarta ganima ce. Haka ma masu cewa iyakar Turawa ne suka shata. Gaskiya ne Garwa da Yola ƙasa ɗaya ce a zamanin Modibbo Adama, kuma sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 wani yanki na iyakar nan ya zauna yadda yake yau. Tarihi ne mai ciwo, amma ba ya mayar da takardar jabu ta gaskiya.

Akwai kuma wanda masu wannan fatawa ba sa tunawa da shi: mutumin da zai sayi baburin nan a hannunka bayan shekara biyu ko uku. Zai karɓi takardun yana zaton na gaske ne, ranar da jandarma ya duba lambar jikin babur da ta inji ya ga ba su dace ba, shi za a kama. Ha'incin ya tashi daga kan hukuma ya koma kan talaka ɗan'uwanka. Kuma ka sani, mai buga maka takarda yau, da irin wannan hanyar ake wanke baburan sata. Kuɗinka yana raya sana'arsa. In kuwa kai aka kama, baƙo ne kai, ga mata ga yara, ga sunan yayanka da shagonsa. Tirmizi ya ruwaito cewa bai kamata mumini ya ƙasƙantar da kansa ba, ta hanyar jefa kansa cikin bala'in da ba zai iya ɗauka ba.

Wani abu dabam ne in takardunka sun cika, ka biya abin da doka ta ce, sannan wani ya tare ka a shinge ya ce sai ka ba shi na goro, babu rasit. Wannan shi ne maksun da babu saɓani a kansa. In ka iya ƙi ba tare da cutuwa ba, ka ƙi. In ka ga za a wulaƙanta ka ko a riƙe maka kaya, ka bayar kana ƙin abin a zuciyarka, zunubin nasa ne. Amma bayarwa don a kau da kai daga takardar da ba ta cika ba cin hanci ne, ku biyu kuna ciki.

Shawarata, bayan ka gama da Alhaji, ka sa yayanka ya shiga ofishin duwan na Garwa da kansa, ba ta bakin dillali ba, ya tambayi abin da ake biya a kan irin baburinka da shekarunsa, da ko akwai sassauci ga mai ƙaura da kayan da ya daɗe yana amfani da su. Kada ka dogara da cewa ai maƙwabta ne: Kamaru ba ta cikin ECOWAS, tana ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka ce, katin inshorar ECOWAS ba ya aiki a can, kuma za ka buƙaci rajistarsu da lambarsu. Ka haɗa wannan da kuɗin ɗauko shi, ka gwada da farashin na hannu a Garwa, wadda ba ta rasa babura ba. Mai yiwuwa lissafi kaɗai ya raba ka da wannan damuwa. A ganina ma tela mai shirin sabon zama ya fi buƙatar kekensa da jari a aljihu fiye da babur.

In kuma ka tsaya a kan tafiya da shi, a ɗora shi a mota. Kada ka kuskura ka goya iyali daga Gombe ka bi Kaltungo da Numan har Yola a kan babur don ragin kuɗin mota, kuma kada ku yi tafiyar dare. Sannan ka ce ka yanke shawarar ƙaura da iyalinka, ban ji inda ka ce kun yi shawara da ita ba. Za ka kai ta inda harshen hukuma da na makarantar yara Faransanci ne, nesa da iyayenta. Ka zauna da ita, ka je ka yi wa surukanka sallama da kanka, ka kuma duba ko akwai sharaɗin da aka yi a wurin ɗaurin aure game da fita da ita daga gari.

Wallahu a'alam.