Haruffa masu kaurin ƙafa: me ya sa suke cushewa in an buga?

Tambaya: Salam Malam. Na haɗa fosta da salon haruffa na Rockwell, a kwamfuta ya yi kyau sosai, amma da aka buga sai cikin haruffan "a" da "e" ya toshe, ƙananan rubutun kuwa sai ka matso da ido. Wani ya ce in ƙara masa awutlayin, wato layin da ake zagaye harafi da shi, zai fito, na ƙara abin ya daɗa lalacewa. Mai aikin ya fara fushi, ko dai salon ne ba shi da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, Rockwell ba shi da laifi, tun 1934 da kamfanin Monotype suka fitar da shi ake aiki da shi. Dangin nan na silab, masu ƙafa (wato ɗan layin da ke ƙarshen sandar harafi) mai kauri kusan daidai da jikin harafi, dama don talla aka yi su, a Landan suka ɓullo wajen 1815 a hannun maƙerin haruffa Vincent Figgins, don mai wucewa ya hango daga nesa. Kanun labari, tambari, bangon littafi, allon sanarwa, nan ne gidansu. Ka zuba mai kaurin a dogon sakin layi kuwa ido zai gaji.

Amma wanda ya ce ka ƙara awutlayin, shi ne matsalata wallahi. Kullum sai na gamu da wannan, mutum ya koyi danna maɓalli a manhajar zane ta CorelDraw shikenan ya zama malami yana raba fatawa. Kauri na gaskiya zana shi ake yi harafi bayan harafi, mai zanen yana ƙara wa sandar tsaye nauyi fiye da ta kwance, ya faɗaɗa harafin kaɗan don ramin cikinsa ya samu numfashi, sannan ya sake gyara tazara tsakanin haruffa. Awutlayin bai san duk wannan ba, kauri ɗaya yake liƙawa ko'ina ciki da waje, ramin a da e ya ƙanƙance, ƙafar wannan harafi ta taɓa ta maƙwabcinsa, kuma silab dama ƙafafunsa sun riga sun cinye fili. Sai kuma tawada ta zo ta ɗan bazu a takarda, musamman marar sheƙi, ta ƙarasa toshe ɗan abin da ya rage. Allon kwamfuta ba zai nuna maka haka ba tunda haske ne ba tawada ba. Haka ma masu kama rubutu da linzamin kwamfuta su ja shi sama don ya cika wuri, ƙafafu da sandunan kwance su kumbura su fi na tsaye, harafi ya koma kamar wanda ya sa takalmin yayansa. Haba jama'a, akwai Rockwell Extra Bold, akwai Rockwell Condensed, an zana an gama, me ya kawo jan?

To cire awutlayin ɗin gaba ɗaya, ka bar mai kaurin a kanu kawai, ka ɗan buɗa tazara. Ƙananan bayanai ka sa su da siririn nauyi, in kuma dole kana son kauri a ƙaramin rubutu gwada salon Clarendon na Robert Besley, na 1845, ƙafarsa tana haɗuwa da jiki ta ɗan lanƙwasa don haka ya fi laushi a ido. Kafin ka koma wajen mai aikin, buga gwaji ɗaya a girman gaske, a kan irin takardar da za a yi aikin da ita.