Ga ɗan'uwan da awaki suka cinye musu dashe a bakin kududdufi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kun share bakin kududdufinku, kun yi dashe, awaki sun cinye, mutane sun dawo da zuba shara, kana tambayar yadda za ku yi. Abin da ya same mu ke nan sak a unguwarmu a cikin badalar Kano.

Awakin ma su ne masu sauƙi. Kada ku kewaye da tsohuwar taya, mu mun yi, ruwa take tarawa sauro ya samu gida. Ku jera bulo ko ku sa waya mai raga ta kai ƙirjin mutum. Kuma kada ku yi dashe da bazara don ɗoki, ku bari damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Darbejiya ta fi jure wahala, tsamiya tana da nawa amma in ta kama ta kama.

Mu abin da ya karya mu mutum ne. Shekara biyu muna wahala, duk Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, mu fito da cebur da baro muna kwashe leda da robobi. Da bazara karo-karo muke yi mu sayi jarkoki wajen 'yan garuwa, har daga baya muka ja ruwan alwalar masallaci da ɗan bututu zuwa gindin bishiyoyin. Sun wuce tsayina, dattawa sun fara shimfiɗa tabarma a wurin bayan la'asar. Wata rana mun fito daga sallar asuba sai ga tifa tana juye ɓaraguzai a kai. Wani mai hali ne a unguwar, wanda da hannunsa ya taɓa ba mu kuɗin dashe yana sa mana albarka. Ya ce yana da takarda. Kafin azahar an sare su duka. Akwai wani yaro ɗan firamare da kullum yake ban ruwa ga tasa kafin ya tafi makaranta, na gan shi tsaye riƙe da bokiti yana kallon kututturen, bai ce komai ba. Ni da girmana sai da na yi hawaye. Mutumin nan har gobe sahu ɗaya muke sallah da shi, yana miƙo min hannu ina karɓa, amma Allah ya san abin da ke raina. Ko haƙuri bai taɓa ba mu ba, ko sau ɗaya.

Da Agusta ta zo ruwa ya rasa wurin zuwa, ya shiga gidajen da ke gangare, katangu suka zube. Kududdufan nan ai daga cikinsu kakanninmu suka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa, su ne kuma suke shanye ruwan sama. Yau ana ta cike su ana kafa shaguna. Yaran yanzu ma da yawansu titin Wuju-Wuju suka sani, ba su san kogin Jakara ne ke gudana a ƙarƙashinsa ba.

Don Allah kafin ku ƙara dasa ko ɗaya, ku binciki filin na wane ne. Ku je wajen mai unguwa, ya kai ku wajen dagaci, ku yi wa ƙungiyarku rajista a ƙaramar hukuma, komai a rubuce da sa hannu. Mu da baki aka ce mana "ku yi, Allah ya ba da lada", shi ya cuce mu.

Maganar shara kuwa, iyayenmu mata ne ke aiken yara da ita, in ba ku nuna musu wani wurin ba nan za ta dawo. Ku roƙi liman ya yi magana, ku bi gida-gida da ladabi. Kowace bishiya ku damƙa ta ga gida ɗaya, a san ta gidan wane ce. Ku hana yara wanka a ruwan, akwai tsargiya, ga nutsewa.

Muna da ragowar raga da diga biyu a zaurenmu, tun ranar nan ba wanda ya taɓa su. In kun shirya dashen bana ka yi min magana, ni zan kawo muku da kaina.