Me ya hana ULN2003 ɗina sauka zuwa sifili?

Tambaya: Malam, na haɗa ULN2003 (IC ce mai ƙofofi bakwai ta kunna lodi da kashe shi) da ɗan ƙwan LED mai cin miliamfiya 5 kacal. Da na auna mafitar, sai na ga wajen bolt 0.7 maimakon sifili. Ko ta lalace ne?

Amsa: Ɗan'uwa, lafiyarta ƙalau, ƙirarta ce haka. Kowace ƙofa cikin bakwai ɗin nan tiransista biyu ne a goye, irin haɗin Darlington. Na farko ke ciyar da gindin na biyu, shi kuwa gindin sai ya samu wajen bolt 0.6 kafin ya buɗe. Na farkon kuma da mafitar yake haɗe, saboda haka ko ka rage lodi, mafitar ba za ta faɗi ƙasa sosai ba. A miliamfiya 100 ma wajen 0.9 take nunawa. In kana son ta kusanci sifili, ni dai TBD62003 nake ba da shawara, mai MOSFET (wani nau'in tiransista ne daban), ƙafafunta iri ɗaya ne da na ULN2003.